Karanto Rubutu Daga Allon Kwamfuta: Yadda "Ɗaki" Ke Komawa "Waki"

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, wani abokin karatunmu mai sha'awar rubuta manhaja ya haɗa wata 'yar ƙaramar manhajar gwaji domin 'yan'uwanmu ɗalibai da ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Aikinta mai sauƙi ne: ta nuna ma'anar kalma, ɗalibi ya rubuta kalmar Hausa a cikin wani ɗan akwati a kan allo, ita kuma ta duba ta faɗi ko ya dace. Da aka zo gwaji, sai wata ɗaliba ta rubuta "ɗaki" daidai, da lanƙwasarsa, kowa yana gani a allo, amma manhajar ta ce ta yi kuskure. Da mai manhajar ya sa ta fito da abin da ta karanto, sai ga "Waki". Aka gwada "ɓera", ta dawo da "Sera". Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma a nan abin da ido ya gani daban, abin da manhaja ta ji daban.

Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ya jawo haka. Za a duba yadda manhaja ke rubutu a kan allon da ake kira taminal, da yadda take komawa ta karanto abin da ta rubuta, sannan da wuraren da haruffan Hausa ke samun rauni a kan hanya. Batun ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye, domin jerin kalmomi da ƙamus da bayanan da muke tattarowa daga fagen bincike duk ta hannun manhajoji suke bi, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakanin "ƙafa" da "kafa", ko "ɓari" da "bari".

2.0 Mene ne Taminal?

Kafin zuwan kwamfutar tebur, kwamfuta babbar na'ura ce da ke zaune a ɗaki guda, mutane da yawa suna aiki da ita daga nesa. Kowane mai aiki yana da na'urar da ta ƙunshi kibod da wurin fitar da rubutu, an haɗa ta da uwar kwamfutar ta waya. Wannan na'ura ita ce taminal. Na farko-farko, irin su Teletype Model 33 ta shekarar 1963, a kan takarda suke buga rubutu kamar tafireta. Daga baya allo ya maye gurbin takarda. Wadda ta fi shahara a cikin masu allo ita ce VT100, wadda kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1978. Allonta yana da layi 24, kowane layi yana da gurbi 80, wato gurbi 1,920 ke nan, kuma kowane gurbi harafi ɗaya yake ɗauka.

A yau da wuya a ga irin waɗannan na'urori, amma tsarinsu bai mutu ba. Baƙar tagar nan da masu aiki da Linux ko Mac ke buɗewa su riƙa rubuta umarni, manhaja ce da ke kwaikwayon tsohuwar taminal, kuma har yanzu da gurabe take aiki.

Abin lura a nan shi ne yadda zance ke gudana tsakanin ɓangarorin biyu. Kwamfuta tana tura haruffa da umarni zuwa allo: je ka layi kaza, share nan, rubuta wancan. Abin da ke dawowa daga taminal kuwa, galibi abin da mutum ya danna ne a kibod. Akwai 'yan tambayoyin da taminal ke amsawa, misali VT100 tana iya faɗin layi da gurbin da manuninta yake tsaye. Amma babu wani umarni na bai-ɗaya da za a ce wa kowace taminal, "karanto mini abin da ke layi na biyar." Kuma masu kula da tsaro ba sa son a samu irinsa, domin duk abin da taminal ta mayar yana shigowa ne ta ƙofar da danne-dannen kibod ke shigowa, don haka mugun rubutu zai iya sa ta "danna" umarnin da mai ita bai danna ba. Tambaya ke nan: tunda ba a iya tambayar allo, daga ina manhajar abokinmu ta karanto "Waki"?

3.0 Laburaren curses

Masu rubuta manhaja ba sa fara komai daga tushe. Akwai tarin ayyukan da wasu suka riga suka rubuta, aka adana domin kowa ya ɗauka ya yi amfani da su, kamar yadda ɗalibi ke shiga laburare ya ari littafi. Irin wannan tari shi ma laburare ake ce masa. Wanda ya shahara wajen sarrafa allon taminal shi ne curses, wanda Ken Arnold ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley wajen shekarar 1980, aka kuma yi amfani da shi a wasan kwamfutar nan mai suna Rogue. Wanda aka fi amfani da shi a yanzu shi ne ncurses, wato sabon curses, da ya fara fitowa a 1993, kuma Thomas Dickey ya karɓi kula da shi a 1996. Manhajoji irin su nano da htop a kansa aka gina su.

Matsalar da curses ya zo ya magance ita ce jinkiri. Wayar da ke ɗaukar bit 1,200 a daƙiƙa tana isar da kimanin harafi 120 ne a daƙiƙa ɗaya. Idan aka ce duk lokacin da wani abu ya canza sai an sake zana gurabe 1,920, to za a jira daƙiƙa 16 kowane karo. Dabarar da aka yi ita ce, laburaren ya ajiye kwafin allo a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Akwai kwafin abin da manhaja ke son a gani, wanda babbar tagarsa ake kira stdscr, akwai kuma kwafin abin da laburaren yake zaton yana kan allo a halin yanzu, wanda ake kira curscr. Idan manhaja ta yi rubutu, a kan kwafin farko take yi. Sai ta kira umarnin refresh, laburaren ya gwama kwafin biyu, ya tura wa taminal wuraren da suka bambanta kaɗai.

Ana iya kwatanta wannan da malamin da ke da littafin da yake shirya darasi a ciki kafin ya juya shi a allon aji. Idan aka tambaye shi abin da ya rubuta a layi na uku, littafinsa zai duba. Da wani yaro zai lallaɓa ya goge wata kalma a allon, littafin malam ba zai san an yi ba. Haka curses yake. Duk lokacin da aka ce manhaja ta karanto rubutu daga allo, daga wannan kwafi na cikin ƙwaƙwalwa take karantowa. Idan wata manhajar ta daban ta watso saƙo a kan taminal ɗin, ido zai gani, amma kwafin curses ba ya ɗauke da shi.

4.0 Hanyoyin Karantowa

Laburaren ya tanadi umarni iri-iri domin wannan aiki. Za a iya kasa su gida biyu.

4.1 Tsofaffin Hanyoyi

Na farko shi ne inch, wanda ke karanto gurbi ɗaya, wato wanda manuni ke kai. Abin da yake dawowa da shi lamba ɗaya ce da aka cusa abu biyu a cikinta: harafin da ke gurbin, da kuma adonsa, kamar launi ko kauri ko jan layi a ƙarƙashi. Mai manhaja ne zai tace ya raba harafin da adon. Wurin da aka ware wa harafi a cikin wannan lamba bit 8 ne kacal, ma'ana daga 0 zuwa 255.

Na biyu shi ne instr, wanda ke karanto rubutu daga inda manuni yake har ƙarshen layi, ya zubar da adon. Yana da ɗan'uwa mai suna innstr, wanda ake ba shi iyakar abin da zai kwaso. Masu hankali sun fi amfani da wannan na biyun, domin idan mazubin da aka tanada ya yi ƙanƙanta, instr zai cika shi ya malale cikin wurin da ba nasa ba.

4.2 Sababbin Hanyoyi

Daga fitowa ta 5.3 a shekarar 2002, ncurses ya samu reshen da ake kira ncursesw, wanda ke iya ɗaukar haruffan Unicode. A nan ne ake samun in_wch, mai karanto gurbi ɗaya da cikakkiyar lambar harafinsa, da innwstr, mai karanto jerin haruffa. A wannan reshe, kowane gurbi yana iya riƙe abu biyar: harafi ɗaya na asali da alamomi huɗu masu hawa kansa ko ƙarƙashinsa.

5.0 Inda Haruffan Hausa Ke Tuntuɓe

5.1 Lambar da Ta Fi Ƙarfin Mazubi

Kwamfuta ba ta san harafi ba sai lamba. Tsarin ASCII na 1963 ya raba lambobi 128 ne kawai, waɗanda suka wadatar da Ingilishi. A cikinsa babban S lamba 83 ne, babban W kuma 87. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ne ya ba haruffanmu masu lanƙwasa nasu lambobin: ƙ ta samu 409, ɓ ta samu 595, ɗ ta samu 599, ƴ da ake amfani da ita a Nijar kuma ta samu 436.

Yanzu sai a koma ga manhajar abokinmu. Ɗalibar ta rubuta ɗ, laburaren ya ajiye 599 a gurbin, allo ya nuna harafin daidai. Da aka zo karantowa, sai aka yi amfani da inch, wanda mazubinsa ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255. Bit 8 na ƙasa kaɗai suka shiga, wato abin da ya rage idan aka cire 512 daga 599, shi ne 87. Lamba 87 kuwa W ce. Haka ɓ: a cire 512 daga 595, saura 83, wato S. Ga asalin "Waki" da "Sera". Ragowar 512 ɗin ma ba ɓacewa ta yi ba, ta zube ne a sashen da aka ware wa launi, ta yadda manhajar za ta iya ba da rahoton launin da babu shi. Ita kuwa ƙ, idan aka cire 256 daga 409 saura 153, lambar da ba ta da harafi a ASCII, don haka "ƙasa" takan dawo da wata baƙuwar alama a farkonta ko kuma da giɓi.

Hatsarin da ke cikin wannan shi ne, manhajar ba ta tsayawa ta ce an samu matsala. Tana ci gaba da aiki kamar komai lafiya. Da a ce jerin kalmomi dubu aka shigar ta wannan hanya aka adana, sai ranar da aka buɗe fayil ɗin za a tarar da "WanWano" a wurin "ɗanɗano". Masu rubuta manhaja da harshen Python su ma su kula: akwatin shigar da rubutu na curses.textpad da inch aka gina shi yake tattaro abin da ke cikinsa, bisa tsarin ASCII.

5.2 Harafi Ɗaya, Bayit Biyu

Idan za a adana lambobin Unicode a fayil ko a tura su ta waya, hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A wannan tsari, haruffan ASCII bayit ɗaya-ɗaya suke ci, amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kowannensu bayit biyu ne. Misali ƙ tana zama 198 da 153 a jere. Saboda haka "ƙasa" gurbi 4 take ci a allo, amma bayit 5 ce. "Ɗanɗano" gurbi 7 ce, bayit 9.

Iyakar da ake ba innstr a ncursesw da bayit ake ƙirga ta. Mai manhajar da ya ƙirga gurabe ya ce a kwaso masa 7 domin ya samu "ɗanɗano", abin da zai samu shi ne "ɗanɗa". Idan ya ce 5, zai samu "ɗan", domin ɗ ta biyu tana bukatar bayit biyu, saura ɗaya ya rage, laburaren kuma ba ya raba harafi gida biyu. Kalmar da ta fara a matsayin ɗanɗanon miya ta koma ɗan wani.

Akwai kuma wanda ya haɗa manhajarsa da tsohon reshen da bai san Unicode ba, ko ya manta bai kira setlocale ba kafin ya buɗe allo. A nan laburaren yakan ɗauki bayit biyun nan a matsayin baƙin abubuwa biyu, ya fassara kowanne da alamomin ASCII. Sai ƙ ta fito a matsayin M-F~Y, ta cinye gurbi biyar. Wanda ya karanto layin, waɗannan alamomi biyar zai samu, domin su ne ke zaune a guraben.

5.3 Alamomin Karin Sauti da Tsawon Wasali

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti, amma ɗalibin ilimin harsuna ba shi da makawa sai ya nuna. A tsarin da Paul Newman ya bi a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ana sa 'yar sanda a kan dogon wasali, ana kuma sa alama mai gangarowa a kan gaɓa mai karin sauti ƙasa. Da haka ake bambanta gàrī na zama da gā̀rī na tuwo.

Harafin à yana da lambarsa ta kansa a Unicode, wato 224, amma ana iya samar da shi ta hanyar haɗa a da alamar karin sauti mai lamba 768. A ido duk ɗaya ne, a wurin kwamfuta kuwa kama da wane ba wane ba ne. Idan amsar da aka ajiye ta bi hanya ɗaya, ɗalibi kuma ya bi ɗayar, manhaja za ta ce sun saɓa. Shi kuwa ā̀ ba shi da lamba guda ko kaɗan, dole sai an haɗa. Abokan karatunmu na sashen Yarbanci sun san wannan ciwo, domin ẹ́ da ọ̀ nasu ma haɗa su ake yi. A duk irin wannan hali, inch harafin asali kaɗai yake gani, alamar da ke kansa ta salwanta. Sai in_wch ko innwstr ne ke kawo su tare.

5.4 Me Ake Nufi da Harafi?

Daga abin da ya gabata za a ga cewa kalmar "harafi" tana ɗauke da ma'ana huɗu a wannan fage: bayit, lambar Unicode, gurbin allo, da kuma harafi a ƙa'idar rubutun harshe. A Ingilishi na yau da kullum ukun farko sun zo daidai da juna, shi ya sa waɗanda suka tsara curses tun farko ba su ga bukatar rarrabe su ba. A Hausa kuwa sun rabu. Tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts sauti ɗaya ne a wurinmu, amma gurbi biyu ne a allo. Harafin ƙ gurbi ɗaya ne, bayit biyu. Shi kuma ā̀ gurbi ɗaya ne mai ɗauke da lamba biyu ko uku. A wasu harsunan abin ya juya: harafin Sinanci ɗaya gurbi biyu yake ci. Ajami kuma ya zo da tasa matsalar, domin ncurses ba ya juya rubutu daga dama zuwa hagu. Yana jera haruffa ne a gurabe bisa yadda aka ba shi su, ya bar wa taminal sauran aikin, don haka jerin da ido ya gani yana iya saɓa wa jerin da za a karanto.

6.0 Abin da Allo Ba Ya Riƙewa

Ko da an yi amfani da sababbin hanyoyin, akwai abubuwan da ba sa dawowa. Idan aka danna maɓallin tsallake na Tab, laburaren yakan cike wurin da gurabe marasa komai, don haka jadawalin da aka raba kalma da ma'anarta da wannan alama zai dawo babu ita. Ba a iya bambanta sararin da mutum ya bari da gangan a ƙarshen layi da guraben da ba a taɓa rubutu a cikinsu ba. Jimlar da ta yi tsawo ta gangara layi na biyu za ta dawo a matsayin layi biyu, wataƙila an raba wata kalma a tsakiya. Rubutun da ya haura sama ya fice daga taga kuwa ya tafi ke nan.

Wannan bai sa karantowa daga allo ya zama aikin banza ba. Masu gwada manhaja suna amfani da shi su tabbatar abin da ya kamata ya fito ya fito a wurinsa. Wasannin kwamfuta kan duba gurbin da ke gaban ɗan wasa su ga ko bango ne. Akwai ma tsare-tsaren da suka ba da damar leƙa ainihin allon: a Linux ana iya karanta fayilolin vcs da vcsa a ga abin da ke kan allon na'urar, kuma da irin wannan ne manhajar BRLTTY ke mayar da rubutu zuwa tsarin Braille domin makafi. Manhajar tmux tana da umarnin capture-pane, Windows kuma yana da ReadConsoleOutput.

7.0 Shawarwari

Ga wanda zai rubuta manhajar da za ta taɓa Hausa, ko wanda zai ba wani aikin rubuta ta, ga abubuwan da ya kamata a kiyaye:

i. A ajiye abin da mutum ya danna a wani mazubi na daban tun lokacin da yake dannawa, a riƙa nuna kwafinsa a allo. Idan ana bukatar rubutun, a ɗauko daga mazubin.

ii. A haɗa manhaja da ncursesw, a kuma kira setlocale tun kafin a buɗe allo.

iii. Idan karantowa ta zama dole, a yi amfani da in_wch ko innwstr.

iv. Kafin a gwama kalmomi biyu, a daidaita su zuwa tsari ɗaya na Unicode, a kuma tsayar da shawara a kan 'y da ƴ, da kuma irin alamar hamzar da za a riƙa amfani da ita, domin akwai fiye da ɗaya masu kama da juna.

v. A gwada manhaja da kalmomi irin su ɗanɗano, ƙwaƙwalwa, ɓaɓɓake, 'ya'ya da gā̀rī. A rubuta su, a adana, a rufe, a sake buɗewa, a duba harafi bayan harafi.

8.0 Kammalawa

An ga yadda taminal ta samo asali, da dalilin da ya sa laburaren curses ke ajiye kwafin allo, da kuma yadda tsofaffin umarninsa ke datse lambobin haruffanmu har ɗ ta koma W. Abokin namu ya gyara manhajarsa da 'yan layuka kaɗan, ya daina karantowa daga allo, ya koma ajiye amsar ɗalibi tun daga kibod. Abin da ya ci masa lokaci shi ne gano inda laifin yake, kuma ɗalibar da ta tsaya kai da fata cewa ta rubuta daidai ita ce ta sa aka bincika. Mai manhaja da bai san Hausa ba zai iya kallon "Waki" bai ga aibunsa ba. Don haka ɗalibin harshe da aka miƙa wa sabuwar manhaja ya ɗauki gwajin da ke shawara ta biyar a matsayin aikinsa, ya yi shi kafin ya zuba mata bayanan bincikensa.